Daga Keken Fursuna Zuwa Suk al-Arabi: Tarihin Koya wa Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Tafiya

A tsakiyar birnin Hartum, kewaye da Babban Masallaci, kasuwar Suk al-Arabi take. Tun zamanin mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar, wanda ya biyo bayan yaƙin Karari na 1898, ake bambanta ta da Suk al-Afranji, inda Turawa da attajirai baƙi ke ciniki. Ita ce kasuwar 'yan ƙasa. Kafin yaƙin da ya ɓarke a 2023, a nan ake samun masu zinariya da masu yadi, masu takalma da masu wayar hannu, da mata masu shayi a gindin kowace inuwa. Kasuwa ce ta ƙafa, domin mota ba ta kai mutum bakin rumfa. Duk mai shigarta sai ya tsallake kwata, ya kauce wa mai baro, ya ƙetare titi kafin motar haya ta iso.

Irin wannan wuri ne ainihin jarrabawar mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye. Miƙewa daga gado abu ne, komawa kasuwa kuma wani abu ne dabam. A 1995 likita Jacquelin Perry da abokan aikinta a Kalifoniya ta Amurka suka rarraba masu wannan ciwo gwargwadon inda ƙafarsu ke iya kai su, kuma daga aikinsu aka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Wanda saurinsa bai kai mita 0.4 cikin sakan guda ba, tafiyarsa ta cikin gida ce. Wanda ke tsakanin 0.4 da 0.8 yana iya zaga unguwa da taka-tsantsan. Sai wanda ya haura 0.8, wato kusan kilomita uku cikin sa'a, shi ne ake sa ran zai shiga jama'a. Tarihin injin tafiya, wannan na'ura mai bel da ke gudana ƙarƙashin ƙafa mutum yana taku a wuri ɗaya, tarihi ne na neman hanyar da za ta ɗaga majiyyaci daga mataki na farko zuwa na uku.

Ciwon da sunayensa

Hausawa na cewa shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ɓarin jiki. A Larabcin Sudan ana cewa jalɗa, wato gudan jinin da ya toshe jijiya, ko kuma shalal nisfi, shanyewar rabi. Ibn Sina, a littafinsa al-Ƙanun, ya bambanta sakta, faɗuwar farat ɗaya da gushewar hayyaci, da falij, shanyewar gefe guda. Sai a 1658 likita Johann Jakob Wepfer na ƙasar Suwizalan ya nuna, ta hanyar binciken gawarwaki, cewa asalin abin a ƙwaƙwalwa yake: ko dai jijiyar jini ta fashe, ko ta toshe. Da yake hanyoyin saƙo daga ƙwaƙwalwa suna gittawa kafin su sauka jiki, rauni a gefen dama na kai yakan shanye gefen hagu na jiki, haka kuma akasinsa.

A ƙasar Hausa an daɗe ana danganta ciwon da iskoki ko sammu. A Sudan ma majiyyaci kan fara da faki, malamin da ke ba da mihaya, wato rubutun sha, da bakhra, takardar da ake turarawa, ko kuma basir, maɗorin gargajiya mai tausa da lalas. Likitocin Turai su ma ba su da wani dogon fata a kansa. Santiago Ramón y Cajal, jigon masana jijiyoyi a farkon ƙarni na ashirin, ya tafi a kan cewa hanyoyin ƙwaƙwalwar baligi sun riga sun kafu, abin da ya mutu ba ya sabuntuwa. Daga shekarun 1940 Berta Bobath da mijinta Karel suka kafa wata hanya a Landan wadda ta mamaye duniya: a fara sassauta sandarewar gaɓoɓi, a gyara zama da tsayuwa, sa'an nan a zo kan tafiya. Hanyar ta amfanar da mutane da yawa, amma ta sa majiyyaci yana shafe mafi yawan lokacinsa a kan tabarma, takun da yake yi kaɗan ne.

Asalin injin

Injin tafiya bai faro a asibiti ba. A 1818 wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, ya ƙera wani ƙaton keke mai matakala domin gidajen yari. Fursunoni kan jeru su yi ta hawa, keken yana juyawa, su kuwa ba su gaba ba su baya, wani lokaci ana niƙa hatsi ko jawo ruwa da ƙarfinsu, wani lokaci kuma azaba ce kawai. An kafa shi a kurkukun Brixton a 1821, ya bazu a Ingila da wasu ƙasashen da ta mallaka, kuma ba a rabu da shi ba sai bayan dokar gidajen yari ta 1898.

Daga kurkuku ya koma ɗakin bincike. A 1889 Nathan Zuntz ya haɗa wani mai bel a Berlin domin auna numfashin dawaki yayin aiki. A 1963 Robert Bruce, likitan zuciya a birnin Seattle na Amurka, ya wallafa tsarin gwajin da ake ƙara sauri da gangara mataki-mataki ana duba bugun zuciya. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 injin ya shiga gidaje a matsayin kayan motsa jiki. A duk waɗannan matakai, mai lafiyar ƙafa ake ɗorawa a kai. Tunanin ɗora wanda ba ya iya tsayuwa daga wani wuri ya fito.

Abin da kyanwa ta koyar

A 1911 Thomas Graham Brown, wanda ke aiki a ɗakin binciken Charles Sherrington a Liverpool, ya nuna cewa lakar gadon bayan kyanwa tana iya fitar da motsin taku bi da bi, lanƙwasa da miƙewa, ko da an yanke ta daga ƙwaƙwalwa kuma an katse jijiyoyin da ke kawo mata ji daga ƙafa. Ma'ana, tsarin taku yana da mazauni a laka. A 1966 masana uku a Mosko, Shik da Severin da Orlovsky, suka ɗora kyanwar da aka raba da saman ƙwaƙwalwarta a kan bel, suka riƙa taɓa wani gurbi a tushen ƙwaƙwalwa da lantarki. Da suka ƙara ƙarfin lantarkin, sai tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma sukuwa.

Matakin da ya sauya al'amari ya zo a 1987 a Montiriyal ta Kanada. Hugues Barbeau da Serge Rossignol suka ɗauki manyan kyanwoyi da aka yanke musu laka gaba ɗaya, suna tallafe bayansu a kan bel kullum. Bayan makonni ƙafafun baya suka fara taku mai tsari, har suka ɗauki nauyin ƙugu. Laka ta koyi aiki ta hanyar maimaici. Tambayar da ta biyo baya a fili take: in an rataye mutum da ɗamara irin ta masu dirowa da laima, aka rage masa nauyin jikinsa, bel yana jan ƙafarsa, shin abin da ya faru da kyanwa zai faru da shi?

Daga kyanwa zuwa mutum

A Jamus Anton Wernig da Sabina Müller suka wallafa sakamakon gwada haka a kan masu raunin laka a 1992. Stefan Hesse na Berlin ya kai hanyar ga masu shanyewar ɓarin jiki. A 1995 ya ba da rahoton majiyyata bakwai da ba sa iya tafiya su kaɗai, waɗanda aka yi musu makonni uku a kan injin, makonni uku da hanyar Bobath, sa'an nan aka mayar da su kan injin. Ci gabansu ya fi fitowa a makonnin injin. A 1998 Martha Visintin da Barbeau suka gwada mutum 100 a yankin Montiriyal: rabi an rage musu nauyin da ya kai kashi 40 cikin ɗari, rabi suna ɗauke da nauyinsu duka. Bayan makonni shida waɗanda aka rage wa nauyi suka fi sauri da daidaito.

Hujjar masu injin ita ce yawan taku. Wani bincike da Catherine Lang ta jagoranta, aka wallafa a 2009, ya ƙirga abin da ake yi a zaman gashi na yau da kullum a cibiyoyi bakwai na Amurka da Kanada, ya tarar matsakaicin taku 357 ne a zaman da aka yi aikin tafiya. Wannan bai kai abin da mai lafiya ke yi cikin 'yan mintoci ba. Injin kuwa yana ba da damar ninka haka ba tare da tsoron faɗuwa ba. Sai dai aikin yana da wahala, domin sau da yawa sai ma'aikata biyu ko uku, ɗaya a durƙushe yana ɗaga ƙafar da ta shanye taku bayan taku, wani yana riƙe da ƙugu. Wannan wahala ce ta haifi na'urorin da ke ɗaga ƙafar da kansu, irin su Lokomat da aka ƙera a Zurich wajen shekarar 2000. Kuɗinsu ya sa sai manyan cibiyoyi ke iya saye.

Hartum a waɗannan shekaru

A daidai lokacin da ake wannan tsere a Berlin da Montiriyal, matsalar Hartum wata ce dabam. Tafiyar 'yan mintoci daga Suk al-Arabi, wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai Makarantar Likitanci ta Kitchener da aka buɗe a 1924, wadda daga baya ta zama tsangayar likitanci ta Jami'ar Hartum. Kusa da ita Asibitin Koyarwa na Hartum yake, da Asibitin Sha'ab, inda Farfesa Dawud Mustafa, wanda ake ɗauka a matsayin uban ilmin cututtukan jijiya a Sudan, ya yi aiki ya horar da likitoci. Wani bincike da Sokrab da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 a kan majiyyata 96 a Hartum ya nuna kusan biyu cikin biyar fashewar jijiya ce ta same su, kaso mai yawa in an kwatanta da Turai, kuma hawan jini ne kan gaba cikin musabbabai. Hoton ya yi kama da na yammacin Afirka, inda babban binciken SIREN da aka gudanar a Nijeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ya shafe duk sauran musabbabai.

Cikin masu kwanciya a waɗannan asibitoci akwai Hausawa, waɗanda 'yan Sudan ke haɗawa da Fulani da Barebari ƙarƙashin sunan Fallata ko Takari. Kakanninsu da ƙafa suka zo. Hanyar alhazai ta taso daga Kano ta ratsa Borno da Wadai, ta shiga Darfur ta Junaina da Fashir, ta bi ta Ubayyid zuwa bakin Nilu, fiye da kilomita 2,500 kafin a kai Hartum, sa'an nan a nufi Suwakin. Bayan kisan Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Maiwurno yake har yau. Buɗe gandun audugar Jazira a 1925 ya ƙara jawo wasu. A babban birnin, da yawansu sun zauna a unguwar Ishash Fallata, suna rayuwa da ƙananan sana'o'i: talla, dako, ɗinki, sayar da gyaɗa da tsiren da Sudan ta sani da sunan agashe. Ga mai irin wannan sana'a, ƙafa ita ce jari. Ranar da ta shanye, abincin gidan ya tsaya.

Abin da Hartum ta fi rasawa shi ne ma'aikata. An daɗe ana samun ƙwararrun likitocin da za su gano ciwon, amma masu koya wa majiyyaci tafiya bayan an sallame shi ƙalilan ne, kuma mafi yawansu a babban birni suke. A tsallaken kogi, a Umdurman, Jami'ar Ahfad ta mata, wadda ta samo asali daga makarantar 'yan mata da Babikir Badri ya buɗe a Rufa'a a 1907, ta fara digirin wannan fanni a 2007 tare da haɗin gwiwar wata kwaleji ta birnin Bergen a Norwe, kuma rukunin farko ya kammala a 2012. Jami'ar Nilain da ke Hartum ita ma ta buɗe tsangayar fannin. Larabawa na kiransa ilaj ɗabi'i, Hausawa kuwa gashi suke cewa, sunan da ya samo asali daga gasa gaɓa da zafi, alhali kuwa mafi girman aikin yanzu motsa jiki ne da horo.

Hukuncin 2011

Gwaje-gwajen farko ƙanana ne, saboda haka aka shirya babba a Amurka, wanda aka sani da LEAPS, ƙarƙashin jagorancin Pamela Duncan. An ɗauki mutum 408 da suka yi wata biyu da kamuwa, dukansu saurinsu bai kai mita 0.8 ba. Aka kasa su uku. Rukuni na farko ya hau injin da ɗamara nan take, na biyu ya jira sai wata na shida, na uku kuwa likitan gashi ne ke zuwa gidajensu yana sa su atisayen ƙarfafa gaɓoɓi da daidaita tsayuwa. Kowa ya sami zama 36 na minti 90. Manufar masu binciken ita ce su tabbatar da fifikon injin.

Sakamakon da aka wallafa a watan Mayun 2011 bai zo haka ba. Bayan shekara guda, kashi 52 cikin ɗari na majiyyatan sun haura zuwa mataki na gaba na tafiya, kuma babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunan uku. Masu injin sun fi fama da jiri yayin horo. Wani abu kuma ya fito a wata na shida: rukunan biyu da suka fara horo da wuri, na injin da na gida, sun yi wa waɗanda ke jira nisa. Ashe abin da ya yi tasiri shi ne horo mai tsari, mai yawa, a kan lokaci, ƙarƙashin idon ƙwararre.

A wannan shekarar ne kuma masana daga Legas da Akara, Olawale da abokan aikinsa, suka wallafa gwajin mutum 60 na tsawon makonni 12, inda aka ga masu horon tafiya a kan bel da masu yin sa a ƙasa duk sun ci gaba. A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 56 da suka ƙunshi mutum 3,105. Ta tarar injin bai ƙara yiwuwar mutum ya koma tafiya shi kaɗai ba. Ya dai ƙara sauri da kusan mita 0.06 cikin sakan, da nisan kusan mita 14 a tafiyar minti shida, kuma waɗanda suka riga suka fara tafiya su ne suka fi amfana.

Wannan bai zama ƙarshen injin ba. Ga wanda ya riga ya miƙe, hanya ce mai kyau ta ƙarfafa zuciya da ƙara sauri, kuma jagorar da likitocin gashi na Amurka suka fitar a 2020 ta ƙarfafa horon tafiya mai sa numfashi ya hau, a kan bel ko a ƙasa, ga waɗanda suka wuce wata shida. Na'urori masu ɗaga ƙafa su ma an ga amfaninsu ga wanda ba ya iya tsayuwa a watanni ukun farko. Akwai kuma iyaka ta ɗaya gefen: gwajin AVERT na 2015, mai mutum 2,104, ya nuna tayar da majiyyaci da yawan motsi cikin sa'o'i 24 na farko yana rage kyawun sakamako. Gaggawa ba ta da amfani a ranar farko, jinkiri kuma yana da illa a makonnin da ke biye. Binciken Kopenhegen na 1995, mai mutum 804, ya nuna kashi 95 cikin ɗari sun kai iyakar abin da tafiyarsu za ta farfaɗo cikin makonni 11 na farko.

Bayan Afrilun 2023

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, kuma tsakiyar Hartum ce fagen farko. Suk al-Arabi, wadda ke kusa da fadar shugaban ƙasa, an wawashe ta, sassa da dama sun ƙone. Manyan asibitocin da ke kewaye da ita suka daina aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na cibiyoyin lafiya a yankunan da ake yaƙi sun tsaya. Nauyin jama'a ya koma kan 'yan asibitoci irin su Al-Nau na Umdurman, waɗanda raunukan harsashi suka cika. Masu hawan jini suka yi watanni babu magani. Sojoji sun sake karɓe fadar ranar 21 ga Maris 2025, suka ƙwace sauran tsakiyar birnin cikin kwanakin da suka biyo baya, amma an tarar an tone wayoyin lantarki domin tagullarsu, kuma a watan Mayu hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashoshin wuta na Umdurman suka jefa jihar cikin duhu.

A birnin da ke cikin wannan hali, sakamakon 2011 yana da nauyin da bai da shi a inda aka gudanar da gwajin. Injin tafiya yana buƙatar wuta tsayayya, da kayan gyara daga waje, da ginin da majiyyaci zai iya kaiwa sau uku a mako. Rukuni na uku na LEAPS bai buƙaci ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma akwai sharaɗin da bai kamata a manta ba: waɗannan majiyyata ƙwararre ne ya ziyarce su sau 36, yana ƙara musu nauyin aiki gwargwadon ƙarfinsu. Barin mutum a ɗaki ana jiran sauƙi ba shi ne abin da aka gwada ba. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978 Hukumar Lafiya ta Duniya ke kira ga tsarin farfaɗo da naƙasassu a cikin al'ummarsu, inda ƙwararre ɗaya ke horar da 'yan uwa da ma'aikatan unguwa yana bibiyarsu. Ƙungiyoyin agajin gaggawa na unguwanni, waɗanda suka riƙe Hartum da ɗakunan girki na taimakon juna a shekarun yaƙi, sun nuna cewa akwai ginshiƙin da irin wannan tsari zai iya tsayawa a kai, muddin ƙwararrun da yaƙi ya tarwatsa zuwa Masar da ƙasashen Larabawa suka sami dalilin dawowa.

Ma'aunin Perry shi kansa ba ya buƙatar lantarki. Likitocin gashi a ko'ina suna auna mita goma a ƙasa mai laushin takawa, su riƙe agogo, wani yana gefen majiyyaci saboda tsaro. Wanda ya ɗauki fiye da sakan 25 yana matakin cikin gida. Wanda ya sauko ƙasa da haka ya fara isa masallacin unguwa. Wanda ya cinye mita goman cikin sakan 12 da rabi ya kai saurin da ake buƙata domin shiga kasuwa, ko ta Umdurman, ko ta Kurmi a Kano, ko Suk al-Arabi ranar da rumfunanta suka cika.